Shirun Tsohuwar Farin Dutse a Wayar Iska

Ladan yana kiran assalatu muna ɗaure kaya a bayan a-kori-kurar ofis: batura, naɗin waya, akwatin kayan aiki da tsani. Ku da kuka dame ni da tambayar inda na ɓace makon jiya, ga amsarku. Aiki ne ya kai ni Birnin Kudu da Gwaram, ni da abokin aikina da direba, mu duba wayar iskar da aka kafa bara tsakanin babban asibitin Birnin Kudu da wani ɗan ɗakin shan magani a Gwaram. Ita ce wadda mutane ke kira oba-oba. Ka danna maɓalli ka yi magana, ka saki ka saurara, kuma muddin yatsanka yana kai, na can ba shi da bakin magana.

Kafin mu fita gari muka biya ta gidanmu na yi wa Inna sallama. Ni ne ɗanta na fari, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ta miƙo ƙullin dambun nama tana kallon wani gefe, ta ce a ba direba kada ya yi gyangyaɗi a hanya. Na san wanda ake nufi, amma direbanmu yana zaure ya ji an ambace shi. Kafin mu kai Wudil ya kusa ganin ƙarshen ƙullin, yana ci yana shi wa Inna albarka, ni kuwa ina haɗiyar yawu.

A Wudil muka karya kumallo da koko da ƙosai. Da alama mai ƙosan ma ta ji labarin ƙarin albashin da aka yi mana, don na sule ɗaya da a da yake cika kwano yanzu sai ka leƙa ka same shi. Hanya kuwa ta cika da manyan motocin siminti, sababbi fil, kowa na gini tun da kuɗin man fetur suka shigo. Har yanzu akwai masu kekunan da ba su yarda an koma bin hannun dama ba. Direbanmu yana ganinsu yake fara salati tun daga nesa. Damina ta yi kyau, dawa ta fi mutum tsawo, a wasu gonakin an fara girbin gero an jingine dammuna.

Tun daga nan muka ɗauko tsohuwar gardamarmu ni da abokin aikina. Tare muka yi kwas, tare aka ɗauke mu, amma a kan wannan magana ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba. Shi so yake wayar ta zama mai wayo. A sa mata maɓallai iri-iri: ja na haihuwa da saran maciji, kore na saƙon hukuma, fari na gaisuwa. A tsara wa kowane iri kalmominsa, mai waya ya tace abin da aka kawo masa ya tura tsabarsa kawai. Ni kuwa na ce hanya hanya ce. Kwaltar da muke kai ba ta tambayi direba ko albasa ya ɗauko ko amarya ba. Yau maciji ne, gobe masu allurar shanu za su zo da tasu buƙata, jibi masu sayen auduga, kowa sai an kwance akwati an ƙara masa maɓalli. A bar waya ta kai magana yadda aka ba ta, masu magana su san abin da suke nufi. Ya ce lalaci ne ke damuna, ba na son ƙarin aiki. Ban musa ba gaba ɗaya.

Da hantsi duwatsun Birnin Kudu suka fara bayyana, manya-manya, wani a kan wani kamar da hannu aka ɗora su. Garin yana da rai. Bakin asibiti kasuwa ce mai zaman kanta: masu rogo da ƙuli, masu dafaffiyar gyaɗa, masu tabarma da buta, ga 'yan jinya sun kafa murhu a gindin kowace bishiya. Wata nas ce ke kula da wayar a nan, 'yar Kudu ce da ta daɗe a garin, kowa Sista yake ce mata. Hausarta ta fi ta wasunmu gishiri. Muka hau muka gyara eriya, muka canza batir, muka gwada, murya ta fito tangaram. Ina naɗe waya ta ce, tunda Gwaram za mu, akwai abin da take so mu gani.

Ta kai mu ɗakin maza, gadon ƙarshe. Wani saurayi ne manomi daga Farin Dutse, a ƙasar Gwaram. Garma ta sare shi a ƙafa lokacin huɗa, ya ɗaure da ganye ya ci gaba da aiki har ciwon ya ruɓe. Likita ya ce in aka yanke gaban ƙafar yanzu, diddige zai tsira ya riƙa takawa. In aka ƙara jinkiri, ƙafar duka ce, ko ma abin da ya fi ƙafa. Saurayin ya ce ba mai taɓa shi sai da yawun mahaifiyarsa, don ubansa ya rasu, ita kaɗai ta rage masa. An tura tambaya ta oba-oba, an ce a nemo tsohuwa. Amsar da ta dawo daga Gwaram ita ce, mutanen Farin Dutse suna gaisuwa. Tun ran nan ya juya fuska bango, ko koko ba ya sha sai an yi da gaske.

Na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya juyo ba. Warin ƙafar ya riga ya fara fin ƙarfin magani. Sista ta raka mu bakin mota ta ce, “Don Allah ku dubo mini tsohuwar nan. Likita ya ce ba zai iya jira har kasuwa ta zagayo ba.” Ni dai na zo duba batir ne, ban zo da shirin ɗaukar ran mutum a aljihu ba.

Daga inda aka bar kwalta aka kama hanyar Gwaram, sai haƙuri. Jar ƙasa ce da ruwa ya zaizaye, mota tana tafiya tana rawa, tsani yana kiɗa a baya. Sau ɗaya muka kafe a wani rafi. Wasu manoma suka ajiye lauje suka tura mu, suka ƙi karɓar komai sai goro. A wata 'yar kasuwar bakin hanya muka sha fura da nono mai kauri, wadda kuɗin ƙwarya guda ba zai saya maka ludayi uku a Kano ba. Abokina ya sayi zuma a kwalba, ya rungume ta har Gwaram. Da na ga yadda rafuka suka cika, na gane dalilin da ya sa tsohuwa ba za ta kama hanyar Birnin Kudu da ƙafa ba.

Mai wayar Gwaram dattijo ne mai tsafta, farar riga, alƙalami a aljihu, akwatin wayar kuwa ya lulluɓe shi da zane don ƙura. Malam kowa ke ce masa. Bayan mun ci tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya a gidansa, ya ba mu labarin yadda yake aiki. Ya ce farkon zuwan wayar, kowa yana so ya ji muryarsa ta tafi Birnin Kudu. Mutum zai zauna ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, ya tambayi doki, kafin ya zo kan magana batir ya yi sanyi. Wata rana aka kawo wata mata maciji ya sare ta, aka danna waya, shiru, gaisuwa ta cinye wutar. Allah ya yi da sauran kwananta, amma daga ranar ya hana kowa taɓa maɓalli. Shi ke sauraro, shi ke rarrabewa: na rai, na hukuma, na gaisuwa. Na gaisuwa yakan tara su ya ƙulle a jimla ɗaya.

Abokina ya dube ni yana murmushi har kunne, ga mutum ya ƙirƙiro tsarinsa ba tare da ya je kwas ba. Ni ma ban ga laifin Malam ba, wanda ya ga mace tana kumbura a gabansa waya ta ƙi magana dole ya nemi dabara. Sai na tambaye shi zancen tsohuwar Farin Dutse.

Ya gyara zama. Ya ce ta zo, da ƙafa, ranar kasuwa. Ta gaishe shi, ta ce a gaida likita, ta tambayi ko ana samun ruwa a Birnin Kudu, ta yi zancen gero, ta yi wata magana a kan masu aiki da aikinsu. Ya tambaye ta ko ita ce mahaifiyar yaron, ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce yaron gidansu ne dai. Ya ce, “Inna, a yanke ko kada a yanke?” Ta ce ai ta gama magana, ta ɗauki sandarta.

“Ba wai ban gane ba ne,” in ji Malam. “Ni ma ɗan ƙasar nan ne, na san ɗan fari ne, na san ba za ta kama sunansa ba. Zuciyata ta ba ni cewa ta yarda. To amma in na ce ta yarda, bakina ne ya faɗa, ba nata ba. Gobe yaro ya dawo da guntuwar ƙafa, a ce wa ya ce a yanke? Ni ba zan ɗauki ƙafar ɗan mutane a wuyana ba. Na duba maganarta ban ga e ba, ban ga a'a ba, sai na sa ta cikin gaisuwa.”

Wannan karon abokina bai yi murmushi ba. Ni ma ban ce masa ka gani ba, ko da yake ta zo mini har bakin leɓe. Abin da ya bayyana gare mu duka shi ne, ranar da Malam ya ɗora wa kansa tace magana, ranar ya ɗauki nauyin ma'anarta, kuma nauyin ya fi ƙarfin mutumin da ke tsakiya. Muka roƙi Malam ya gaya wa Sista ta kawo saurayin gaban akwati gobe da la'asar, mu kuma za mu ɗauko tsohuwa.

Da safe muka nufi Farin Dutse. Hanyar ta shanu ce da amalanke, dawa tana shafar gilashi dama da hagu. Inda mota ta gaza muka sauka muka ƙarasa da ƙafa, wani mai keke ya nuna mana gidan. Mun same ta tana sussukar gero a tsakar gida, 'yar siririya, ta manyanta amma hannunta da ƙarfi. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa da gasasshiyar masara, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su. Ba ta tambayi asibiti ba. Amma na lura tun da muka ce daga Birnin Kudu muke, masarar da ta ɗauka tana hannunta ba ta kai baki ba. Da na ce ana son ta zo ta yi magana da bakinta, sai ta ce, “Ni me na sani a waya, ɗan nan?” Tana faɗa tana neman takalminta.

A mota ta ƙi zama gaba, sai da direba ya rantse cewa baya na batura ne. Duk tafiyar carbi take ja. Da muka shiga rami mota ta yi tsalle sai ta ce wa direba ya bi a hankali, motar hukuma ce.

La'asar ta yi, Malam ya yaye zanen akwati ya kira Birnin Kudu. Muryar Sista ta fito, ta ce ga shi nan an turo shi a keken marasa lafiya. Malam ya dube ni, na gyaɗa kai, ya miƙa wa tsohuwa abin maganar ya nuna mata inda ake dannawa. Ta karɓa, ta juya wa akwatin baya, ta fuskanci bango. Ta gaida Sista. Ta ce a gaida likita da iyalinsa. Ta tambayi ruwa. Na ga Malam yana satar kallon allurar batir, amma ya daure. Da ta saki, sai wata murya ta fito, a dashe, da ƙyar.

“Inna, ni ne. Sun ce sai an yanke.”

Ta daɗe kafin ta danna. Sannan ta ce, “A gaya wa mutanen ɗakin nan, maƙwabta sun girbe geron bayan gida, an kai rumbu. Kada kowa ya sa wa ransa damuwa. Wanda ya san aiki kuma, a bar shi ya yi aikinsa.”

Malam ya raɗa mini cewa wallahi abin da ta faɗa masa ke nan ran kasuwa, ba ragi ba ƙari. Muka jira ta saki maɓalli, ba ta saki ba. Ta riƙe shi gam, abin maganar yana dab da bakinta, ba ta cewa komai. Leɓunanta ne kawai ke motsi, ɗaya hannun yana jan carbi. Shirun ya yi tsawo. Allurar batir tana sauka, Malam ya miƙa hannu zai karɓa, don a tsarinsa shiru ɓarnar wuta ce. Abokina ne ya riƙe masa hannu, shi mai maɓallai ja da kore, ya girgiza masa kai. Muka tsaya haka, ba mai motsi, har ta shafa fuska ta ɗaga yatsa.

Akwatin ya yi ɗan shuu, sannan muryar saurayin ta ce, “Na ji, Inna.” Bayansa Sista ta ce ya yarda, a gaya wa Mama an gode, oba. Tsohuwa ta miƙa wa Malam abinsa, ta ce ashe wayar ba ta da nauyi. Ta fita waje ta zauna a gindin dalbejiya ta ba mu baya, mu kuma muka sami abin yi a cikin akwatin kayan aiki har ta gama. Ni dai idona ya kawo ruwa, ba zan ɓoye muku ba.

Kafin mu bar Gwaram muka zauna da Malam muka yi sulhu, ba wanda ya ci duka. Abokina ya samu nasa: wanda ya zo da gaggawa ya faɗa da bakinsa, a dakatar da kowa a ba shi hanya, kuma kowa yana da iyakar lokacinsa don kada gaisuwa ta sake cinye wuta. Wannan aikin hanya ne, na yarda. Ni ma na samu nawa: a cikin lokacin mutum, abin da ya faɗa shi za a kai, da gaisuwarsa da kewaye-kewayensa, in ya ga dama ya yi shiru. Muka bar wa Malam ƙarin batir. Ya ce wallahi an sauke masa dutse, ya gaji da zama alƙali alhali an ɗauke shi ɗan aike. Direba ya mai da tsohuwa har inda mota ke tsayawa, ya dawo da damin gero da ta ce a ba motar.

A hanyar dawowa muka tsaya Birnin Kudu. An yi aikin tun da safe, gaban ƙafar ya tafi, diddige ya tsira. Saurayin yana barci, ba mu tashe shi ba. Sista ta ce lokacin da shirun nan ya yi tsawo ta ɗauka waya ce ta lalace, har ta kai hannu za ta murɗa, sai saurayin ya ce ta bari. Ya kafa kunne jikin akwatin ya ce yana jin numfashin mahaifiyarsa da ƙarar carbi, addu'a take yi masa. Ya ce tun yana yaro haka take yi a bakin ƙofa in ta zaci ya yi barci. Maganar gero ta ba shi izini, amma shirun ne ya sa ya daina tsoro.

Daga nan har Wudil ba mu yi gardama ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Abokina ya buɗe zumarsa ya ba kowa ya lasa. Can ya ce har yanzu yana ganin maɓallin gaggawa ɗaya ba zai yi laifi ba. Na ce ɗaya dai. Ya ce ɗaya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba sabo ba ne, amma sai da na gani da ido ya zauna. Mai kai saƙo ya san nisa, ya san layi, ya san wanda ke sauri. Abin da ke cikin saƙon kuwa na mutum biyu ne, mai aikawa da wanda aka aika wa, kuma sau da yawa su kaɗai suka san inda nauyinsa yake. Da an ba ni maganar tsohuwar nan na tace, da gero zan fara zubarwa, shirun kuwa ko lissafa shi ba zan yi ba.

Mun shigo Kano ana kiran magariba. Na sauka a ƙofar gidanmu, na tarar da Inna a kan tabarma tana tsince wake. Ta tambayi hanya, ta tambayi ruwa, ta tambayi mutanen Gwaram da ba ta taɓa gani ba. Sannan, idonta a kan faifai, ta ce, “Direban ya dawo lafiya?”

Na ce, “Lafiya lau, Inna. Ya ce a gode miki.”

Ta ce madalla. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba, hannunta ya tsaya a cikin waken, leɓunanta suna motsi. A da nakan miƙe a daidai nan in ce bari in je in watsa ruwa. Ran nan sai na gyara zama, na jira har ta gama.